Da Kuɗin Adashe Na Buga Littafina na Farko

Mu malaman makarantar da nake koyarwa a nan Kano muna da adashen da muke zubawa duk ƙarshen wata. Da kwasata ta zo a farkon 2024, sai na fasa sayen firjin da na daɗe ina buri, na ce littafi zan fitar. Ban tsaya jiran kamfanin ɗab'i ba, domin manyan kamfanoni hankalinsu yana kan littattafan da ke cikin manhajar makarantu, waɗanda iyaye ke saya dole kowace shekara. Wannan hanyar da na bi kuwa tsohuwa ce a wurinmu. Tun a shekarun 1980, da tattalin arzikin ƙasa ya karye, kamfanonin ɗab'i irin su NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ta Zariya suka rage fitar da ƙagaggun labarai, marubutan Kano suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suna kai littattafansu Kasuwar Sabon Gari da kansu. Mu na yanzu sawunsu muke bi, sai dai mu muna da waya a hannu.

Abin da ya tsaya mini a wannan tafiya, fiye da kuɗin, shi ne na sami masu karatu tun littafin bai shiga injin ba. Shawarar wata Anti ce, tsohuwar marubuciya da ta fitar da littattafai tun zamanin da ake raba labari ɗaya zuwa na ɗaya, na biyu, na uku, a ɗinke da waya. Na kai mata labarin ina ɗoki, ta karanta, ta ce: "Ƙanwata, labarinki ya yi. To wa ke jiransa?" Na ce ai in ya fito za a gani a saya. Ta girgiza kai ta ce a zamaninsu akwai shagunan hayar littafi a kowace unguwa, yarinya ɗaya ta karanta ta gaya wa goma, yanzu kuwa mafi yawan shagunan nan sun koma sayar da kati da cajin waya. Ta ce in je in tara mutanena tukuna.

Haka na yi. Na buɗe zaure a WhatsApp, na riƙa sa shafi kaɗan-kaɗan kyauta da daddare, lokacin da mata suka sallami yara suka ɗauki waya. Na sa irinsu a Facebook da Wattpad. Babi na farko har zuwa na takwas na bayar a matsayin ɗanɗano, na tsaya daidai inda jarumar ta gano takardar gadon mahaifinta ba a hannun wanda take zato take ba. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba ina rubutu ni kaɗai a ɗaki: masu karatu suna faɗa a kan mutanen da na ƙirƙira. Wata ta rubuto doguwar magana tana kare kishiyar uwar da ni na gina a matsayin muguwa, har ta sa na koma na ƙara wa matar nan babi guda da ke nuna dalilinta. Littafin ya fi kyau saboda wannan baiwar Allah da ban taɓa ganin fuskarta ba. Da na sanar cewa sauran labarin a takarda zai fito, kuma wanda ya biya tun yanzu zai samu da rangwame da sa hannuna, kuɗin da ya shigo ya kusa biyan takarda. Wannan ne ya gaya mini yawan kwafin da zan buga, ba son zuciyata ba.

Gyaran rubutu na kai wa malamina na Hausa na kwaleji, wanda ya yi ritaya. Ya ɗauki jan biro ya bi shi layi-layi, raba kalma da haɗa kalma, ƙugiya da babban baƙi. Ban yarda da masu cewa mai karatu ba ruwansa da ƙa'idojin rubutu ba. A waya yana iya haƙuri, amma wanda ya zare kuɗi ya sayi littafi yana da haƙƙin a girmama shi. Malam ya kuma cire mini shafuka masu yawa na gaishe-gaishe da bayanin girki da kwalliya da ba su kai labarin ko'ina. Na ji zafin wasu, amma na bar masa. Da na miƙa masa abin goro sai ya ce, "'Yata, ki kawo mini kwafi ɗaya in ya fito." Na dai ajiye ambulan ɗin wurin maiɗakinsa.

Maɗaba'a ita ce makarantar da na fi daɗewa a cikinta. Wani ɗan tsukin shago ne, injin Kord tsoho yana ta kaɗa ƙasa, warin tawada da kalanzir ya cika wurin, janareta na ruri a waje. Mai wurin ya zaunar da ni ya koya mini lissafin da kowane marubuci ya kamata ya sani kafin ya yi ciniki. Ba shafi-shafi ake buga littafi ba, a kan babbar takarda ake jera shafuka a buga, a naɗe, a yanke. Saboda haka a ƙa'idar injinsa gara yawan shafukan littafi ya rabu da 16 daidai. Nawa ya zo 212, ya ce ko in rage huɗu ya koma 208, ko in biya kuɗin 224. Muka matse tazarar layi kaɗan, muka tsaya a 208. Sannan akwai farantan da ake ɗora rubutun a kansu kafin a sa a inji. Kuɗinsu ɗaya ne, ko kwafi 200 za ka buga ko 2,000, shi ya sa kuɗin kowane kwafi ke sauka in ka yawaita. Da wannan hujjar ya yi ta lallaɓa ni in buga 1,000. Gaskiya ya faɗa ta fuskar lissafi, amma kwafin da ke jibge a ɗaki damina na bi ta kansa ba shi da arha ko nawa aka buga shi. Na tsaya a 500.

Takarda ce ta fi cin kuɗi, kuma dalilin a fili yake. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da kasa ciyar da maɗaba'un ƙasar nan, farar takarda daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, daidai lokacin da nake wannan aiki. Duk farashin da mai maɗaba'a ya ba ni sai ya ƙara da cewa, "Malama, wannan na yau ne fa." Maigidana ne ya kawo dabarar mu sayi takardar da kanmu a ranar da kuɗin ke hannu, mu kai masa, mu biya kuɗin aiki kawai. Ta yi mana rana ƙwarai. Na zaɓi mai nauyin giram 70, domin mai 60 tana nuna rubutun bayan shafi, takardar jarida kuma ba ta shekara ba ta yi ja ba.

Wani abu da ya shafe mu masu rubutun Hausa musamman shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. In ka kai rubutunka a Word, aka buɗe a kwamfutar da ba ta da irin salon baƙin da ka yi amfani da shi, duk ƙ da ɗ da ɓ suna iya komawa ƙananan akwatuna ko su canza siffa su yi dabam da sauran rubutun. Mai tsara shafin, yaro ne mai kirki amma ba ya karanta Hausa sosai, ba zai lura ba. Na mayar da aikin PDF, na sa aka fitar mini da gwaji a takarda, na zauna a kan benci a shagon na karanta shi daga bango zuwa bango kafin a taɓa faranti ko ɗaya. Bangon ma haka, sai da na ga launinsa a takarda, domin shuɗin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan fito da duhu.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai buga littafi mai zaman kansa ya kai musu kwafi uku. Na yi duka biyun, ba su da wahala, kuma shagunan jami'o'i da ɗakunan karatu sun fi sakin jiki da littafi mai lamba. Wanda zai sa littafinsa a kasuwannin Kano kuma ya san akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha, ya nemi sanin abin da take buƙata tun da wuri.

Ƙaddamarwa na yi ƙarama a ɗakin taron makarantarmu. Alƙawuran da manyan baƙi suka yi a lasifika, kaɗan ne suka zama kuɗi. Abokan aikina da iyayen ɗalibaina, masu sayen kwafi ɗaya ko biyu su biya nan take, su ne suka cika mini jaka a ranar. Ba zan ba sabon marubuci shawarar ya kama babban zaure da abinci da mawaƙa yana sa ran mai da kuɗinsa a wurin ba.

Kasuwa kuwa ta koya mini haƙuri. Masu shagon littafi ba sa sayen littafin sabon marubuci da kuɗi hannu, ajiyewa ake yi sai an sayar, kuma kusan sulusin farashin nasu ne. Wasu mutanen kirki ne, in ka zo su buɗe littafin lissafi su ƙirga maka. Akwai kuwa wani da na ajiye wa kwali guda, duk zuwa sai ya ce, "Hajiya, kasuwa shiru," alhali ina ganin kwafin suna raguwa a kanta. Har yau da sauran kuɗina a wurinsa. Daga kansa na ɗauki ƙa'ida: kwafi goma nake ajiyewa, a rubuta a sa hannu, ba na ƙarawa sai an biya na farko. Ba rashin yarda ba ne, jarin malamar makaranta ba ya ɗaukar dogon bashi.

Mafi yawan littafin daga hannuna ya fita. Mutum ya turo kuɗi ta banki, in naɗe a leda in kai tashar Unguwa Uku in ba direban Zariya ko Kaduna, ko Ƙofar Ruwa in na Katsina ne, in tura wa mai shi lambar direban. Daga baya na sami mace ɗaya a kowane babban gari daga cikin 'yan zaurena, ina tura mata goma ko ashirin a dunƙule, tana rabawa tana cire ladanta, kuɗin mota ya ragu wa kowa. Na Maraɗi da Damagaram sai da suka jira aka buɗe iyakar Nijar a watan Maris na 2024, tun da take rufe bayan juyin mulkin da aka yi a can a Yulin 2023, sannan wani ɗan kasuwa mai sayen kaya a Kantin Kwari ya tafi musu da su. Wani gidan rediyo ya ba ni ƴan mintuna a shirinsa na adabi, na karanta shafi biyu, a daren wayata ba ta huta ba. Na kuma ɗauko dabarar magabatanmu da ke jera sunayen littattafan junansu a shafin ƙarshe: mu huɗu sababbin marubuta muka yi yarjejeniya, kowa na tallata na ɗan'uwansa a zaurensa.

Satar fasaha ta same ni kamar yadda take samun kowa. Wani ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa ya watsa a zaurukan WhatsApp, wani kuma ya fara karanta shi a YouTube ba da izinina ba. Ranar da na gani ban iya cin abinci ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayan marubuci, kuma YouTube na da hanyar kai ƙara, na bi ta aka sauke karatun. Na WhatsApp kuwa ba mai iya kamo shi. Abin da na yi shi ne na fitar da nawa kwafin na waya, tsaftatacce, a farashi mai sauƙi, kuma na ba wani mai tashar karatu izini a rubuce bisa kuɗin da muka shirya. Ban jingina da manhaja ɗaya ba, ganin yadda OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Lambobin masu karatuna suna rubuce a wani littafi mai kauri a gida, kowa da garinsu.

Kwafi 500 ɗin sun ƙare kafin shekara ta zagayo, ban da waɗanda suka maƙale a wancan shagon. Na mai da kuɗin adashena, da ɗan abin da ya hau kai wanda na zuba a bugu na biyu. Farantan na nan a wurin mai maɗaba'a, na biya shi ya shafa musu abin da ke hana su lalacewa ya adana, don haka wannan karon takarda da aiki kawai na biya. Labari na biyu yana babi na biyar a zaure yanzu, kuma matar nan da ta kare kishiyar uwa tuni ta fara musu da ni a kan wani sabon mutum.