Magudanar da ba ta da gangare

Lokacin da na fara aikin digirina na biyu a Malesiya Baba ya tambaye ni a waya wai shin takamaimai me nake karantawa ne, nace masa tura ruwa nake koyo a cikin magudana, yace toh ai da ka zauna gida, mu da ke fadama kullum aikinmu kenan. Nace Baba tamu magudanar fa faɗinta kamar silin gashi ne, kuma ba injin ban ruwa ba famfo, wutar lantarki kawai ake jona mata ruwan ya kama tafiya. Yayi shiru can yace kai ɗan nan, ruwa da wuta, ka dai kula da kanka. Kuma gaskiya ya faɗa, bolt 300 ba abun wasa bane, abu na farko da aka koya min a lab shine kar hannuna ya kusanci waya sai na kashe akwatin wutar na ga lambarsa ta koma sifili.

Abun da muke haɗawa ɗan guntu ne da bai kai kwalin ashana ba. Wata roba ce mai garai-garai da ake kira PDMS, ana dama ta da maganin daskarar da ita kashi 10 da kashi 1, a zuba kan zubi, a sa a oba ta ƙame, sai a ɓamɓaro ta da shatin magudanar a jikinta, a huda mata 'yan rijiyoyi biyu a kowane ƙarshe sannan a manna ta da gilashi. Tawa tsawonta santimita 3, faɗi maikuromita 100, zurfi 50, shi kuma maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kowace rijiya a tsoma mata siririyar wayar filatinom, ɗaya fositif ɗaya nagetif.

Na daɗe ina zaton wutar ce ke hankaɗa ruwan gaba ɗaya kamar yadda inji ke yi, ashe ba haka bane, bango ne ke jan ruwan. Idan gilashi ya haɗu da ruwan da ba mai tsami sosai ba fuskarsa tana ɗaukar cajin nagetif, toh sai ƙwayoyin gishiri masu fositif da ke cikin ruwan su taru su yi sahu a jikin bangon, kaurin wannan sahun a ruwan da nake aiki da shi wajen nanomita 3 ne kacal, shi kuma nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita, abun da ko madubin ƙara girma na lab ba zai nuna maka ba. Da ka kunna wuta sai wannan sahun ya nufi wajen wayar nagetif yana jan ruwan da ke kusa da shi, wancan ya ja na kusa da shi, haka har tsakiya, kamar ka ja tabarma da kaya a kanta, komi ya tafi tare. Shi yasa tafiyar take da kyau, idan famfo ne ke turawa tsakiya ke gudu gefe na jan ƙafa kamar dai kogi, amma nan gaban ruwan a miƙe yake sak, in ka saka ɗigon rini zai tafi a dunƙule bai warwatse ba. Wani malami a Mosko mai suna Reuss ne ya fara lura da haka tun 1807, da yumɓu da yashi da ruwa da batiri yayi gwajinsa, daga baya Helmholtz da Smoluchowski suka fito da lissafin. Kuma lissafin sauƙi gare shi har yana ruɗin mutum, a gilashi mai tsabta in ka ba da bolt 100 a kowane santimita ruwan zai yi wajen rabin milimita a daƙiƙa, kenan tawa magudanar minti ɗaya ya isa ya ƙetare ta.

Ni kuma sati uku ina samun abun da yaga dama. Yau daƙiƙa 70, gobe 95, jibi ma har baya-baya naga rinin yana yi. Ranan wata 'yar Indiya da ke gaba da ni a lab ɗin ta tsaya a bayana tace kashe wutar mu gani, na kashe, wallahi ruwan yaci gaba da tafiya abunsa. Ashe rijiya ɗaya tafi ɗaya cika da wajen milimita 2, kuma wannan ɗan bambancin kaɗai a magudana irin tawa yana iya kawo kusan kashi ɗaya cikin biyar na gudun da nake nema, wato gangare na gina da hannuna ban sani ba, irin wanda Baba ke yi da fartanya. Raina ya ɓaci sosai a ranar saboda duk abun da na rubuta na sati ukun nan sai da na soke shi. Daga nan na koma auna ruwan kowace rijiya daidai wa daida, na faɗaɗa rijiyoyin, na samo ma'aunin magina na daidaita teburin, kuma kafin in kunna wuta sai na zuba ido na tabbatar ruwan a tsaye yake cik.

Sai kuma robar kanta. Ita PDMS asalinta ba ta son ruwa, ɗigo dunƙulewa yake a kanta kamar a ganyen gwaza, sai an gasa fuskarta da filasma, wato iskar oksijin da aka kunna da lantarki, take yarda ta jiƙe ta kuma ɗauki caji irin na gilashi. Matsalar ita ce ba ta ɗorewa a haka, in ka bar ta a busasshe cikin awoyi zuwa kwanaki sai ta koma halinta na da, cajin bangon ya ragu, gudun ruwan ya ragu. Ni kuwa sai in haɗa guda goma ranar Litinin in jera su a durowa in dinga ɗauka har Juma'a, kaga ai kowace rana da bango daban nake aiki ina ɗora laifin a kan akwatin wuta. Maganin bai fi a cika magudanar da ruwa da zarar an manna ta ba a bar ta a jiƙe, kuma a rubuta awa nawa tayi kafin a gwada. Wadda ta gilashi ce zalla kuwa da ruwan soda ake wanke ta, irin sodar da mata ke haɗa sabulu da ita amma an tsinka ta sosai, sannan a ɗauraye.

Akwai lokacin da na gaji nace bari in ƙara wuta in kuma ƙara gishiri ko abun zai yi sauri, na zuba ruwa mai gishiri kwatankwacin na dirif ɗin asibiti. Nan na ga ta kaina. Gishiri mai yawa matse sahun nan yake yi ya rage masa ƙarfi, ga shi yana ƙara yawan wutar da ke ratsawa, ruwan ya ɗumama, kuma duk digiri ɗaya na zafi yana rage kaurin ruwa da wajen kashi 2 cikin 100, kenan gudun na canzawa kana cikin aunawa. A jikin wayoyin kuma ruwan na tsagewa, haidirojin na fita ta nagetif oksijin ta fositif, gefen fositif na ƙara tsami, sai ga kumfa ɗaya ta shige bakin magudanar, allurar ma'aunin wutar ta faɗi ƙasa komi ya tsaya. Kumfa ɗaya tak. Tun daga ranar nake nisanta waya da bakin magudana, nake sabunta ruwan rijiyoyin akai-akai, kuma in na ƙara bolt naga wutar da ke ratsawa ta haura fiye da ƙa'ida na san zafi ya shigo, sai in sauko.

Hatta rinin da nake bi da ido yaudarata yayi, koren nan fuloresin shi ma yana da cajin nagetif, ruwa na jan sa gaba wuta na jan sa baya, abun da kake gani ba gudun ruwan bane zalla. Na canza zuwa jan rini rodamin, shi kuma ya shige jikin robar ya rina ta. Abun da ya fisshe ni wata dabara ce da aka wallafa tun 1988, ka cika magudanar da ruwan gishirinka, a rijiyar farko ka sa wanda aka ɗan tsinka kaɗan, ka kunna, wutar da ke ratsawa zata dinga sauka a hankali har sabon ruwan ya gama korar tsohon sai ta tsaya wuri ɗaya, ka raba tsawon da lokacin, shikenan, ba rini ba madubi.

Abun da ya riƙe ni a aikin nan duk da wahalarsa shine sikila. Gwajin jinin da ake yi kafin aure a ce wannan AA ne wannan AS ne, tushensa ɗaya da abun da ya faru da koren rinina, nau'in jinin sikila cajinsa ya ɗan bambanta da na lafiyayye shi yasa in aka sa su a wuta ɗaya yake tsere wa ɗaya, Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna haka a 1949. Ni a danginmu mun binne yara biyu saboda ciwon nan, kuma ina tunanin ranar da za a ɗiga jinin jariri a ɗan guntu irin nawa a asibitin ƙauye a samu amsa kafin uwar ta kama hanyar gida.

A wata na shida na samu gwaji guda bakwai a jere da suka ba ni lokaci kusan ɗaya, na ɗauki bidiyon koren layin yana ratsa magudanar na tura wa ƙanina ta WhatsApp nace ya nuna wa Baba. Yace sau uku Baba yasa aka maimaita masa, sannan ya karɓi wayar yace min toh ta ina gangaren yake, nace Baba babu, sai da na auna da ma'aunin magina kafin in kunna.