Wata shida ban ci tuwo ba

A ƙarshen damina aka auna mini jini da safe kafin in karya, sakamakon ya nuna giram 1.18 na sukari a lita. Likitan ya ce sai awo ya kai 1.26 ake kiransa ciwon suga, amma ni ina bakin ƙofa. A lokacin nauyina kilo 97 ne, kuma zaman shago nake yi a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, inda butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi tun hantsi har la'asar. Da safe burodi da kunun gyaɗa, da dare tuwon dawa.

Wannan ne ya sa na shiga tsarin da ake kira keto, wato mutum ya rage sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a yini, ya cike gurbinsu da mai. Idan jiki ya rasa sukarin da ya saba ƙonawa, sai hanta ta sarrafa kitse ta fitar da wasu sinadarai da ƙwaƙwalwa da tsoka za su yi aiki da su. Malmalar tuwo guda mai kyau ta cinye wannan adadi, saboda haka tuwo da shinkafa da burodi da dankali duk suka fita daga kwanona. Sai daga baya na san cewa a 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya, kuma da na san asalinsa magani ne, da ban shige shi ni kaɗai ba tare da shawara ba.

Abin ci bai yi mini wuya ba a garinmu. Akwai kifin tafkin Lagdo gasasshe, da tsire, da ƙwai soyayye da man shanu, da kwaɗon zogale, da fiya idan motocin kudu sun kawo, ga miyar kuka da ta kuɓewa da nake sha da cokali. A makon farko kilo uku suka zube, na yi ta murna, alhali yawancinsa ruwa ne, domin sukarin da ke ajiye a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. Ciwon kai ya biyo baya, da ɗaurewar jijiyar ƙafa da tsakar dare, saboda idan insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya ragu, ƙoda takan zubar da gishiri. Romon nama mai gishiri ya sauƙaƙa mini, amma taurin bayan gida bai sake ni ba sai da na ƙara ganye.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne zaman cin abinci. A gidanmu ni da ƙannena kwano ɗaya muke sa hannu a zaure, sai ga shi an ware mini nawa a gefe, kifi ya cika shi, su kuma suna yankar tuwo. Wata rana Inna ta tsaya ta dubi kwanon ta ce, "Ɗan nan, idan ciwo gare ka ka faɗa mini, kada ka ɓoye." Na ce, "Inna, gudun ciwon nake yi." Ba ta ƙara magana ba, amma ban ji daɗin cin nama kullum a gaban yara ba, ga shi kuɗin da ke tafiya a kwanona na mako ɗaya zai sayi dawar da za ta ciyar da gidan kwanaki.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, jiri ya ɗebe ni ina ɗaga dilar atamfa, sai da yaron shago ya riƙe ni ya zaunar. Washegari na koma awo. Nauyina ya sauka zuwa kilo 86, sukari ya dawo 0.98, amma mugun kitsen jini, wanda ake rubutawa LDL a takardar awo, ya hau fiye da da. Likitan ya ce in rage man shanu da kitsen nama, in koma man gyaɗa da kifi, in riƙa shan ruwa sosai. Ya kuma ja kunnena kada in ba mai shan maganin suga ko mai allurar insulin shawarar yin haka, domin sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Na isar da wannan ga wani maƙwabcina da ya riga ya fara kwaikwayona.

Yanzu na koma kwanon zaure. Rabin malmala nake ci da miya mai yawa, na dawo da wake da kindirmo, burodi kuwa ban sake saye ba. Mai shayinmu ya saba, yakan zuba nawa kofin kafin ya sa sukari a buta, kuma bayan kowane wata uku nakan je a ɗebi jini.