Wasannin zango na uku a makarantar ɗana

Jiya na halarci gasar wasannin zango na uku a sakandaren da ɗana yake karatu a Tudun Wadan Zariya, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda malamai suka sanya langa tare da ƙwallon ƙafa da gudun miƙa sanda. Wannan zango yana da wuyar sha'ani, domin a damina yake faɗowa, ga kuma 'yan aji shida suna fama da jarrabawar WAEC a Mayu da Yuni, shi ya sa ƙananan azuzuwa suka mamaye filin. Hadari ya taso bayan la'asar, aka ɗage tseren 'yan mata zuwa Asabar, alhali a ganina da shi ya kamata a fara.