Tafiyata Shenzhen da batun sayen motar lantarki

Sarin kayan waya ne ya kai ni ƙasar Sin a watan Oktoban 2024, daidai lokacin baje kolin Canton Fair. Jirgin Ethiopian muka hau daga Kano, muka yada zango a Addis Ababa sannan muka miƙa Guangzhou. Na sauka a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi taruwa, can za ka ji Hausa a bakin titi kuma abincin halal ba ya wuya.

Tun a hanyar masauki lambobin motoci suka ɗauki hankalina, wasu shuɗaye wasu koraye, kuma koren ba kaɗan ba ne. Tafintana wani yaro ne ɗan Maraɗi da ya yi karatu a can ya zauna yana yi wa 'yan kasuwa hidima, shi ya ce min, Alhaji duk koriyar lamba da ka gani motar caji ce, ko zalla ko mai haɗawa da fetur. Ita shuɗiyar ta fetur ce, kuma a manyan birane irin Guangzhou da Shenzhen sai mutum ya shiga ƙuri'a ko gwanjo kafin ya samu, wato da gangan gwamnati ta tura mutane wajen koriyar.

Da na gama da Guangzhou muka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Shenzhen, wajen rabin awa ne, don in leƙa Huaqiangbei, babbar kasuwar waya da kayan lantarki da kowane ɗan Farm Center, kasuwar waya ta Kano, ya san sunanta. To a nan ne abin ya shiga raina sosai. Garin nan tun ƙarshen 2017 ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 duka na lantarki, tasi ma suka biyo baya, kamfanin BYD mai ƙera motocin lantarki kuma nan ne gidansa. Ka tsaya a tasha ƙatuwar bas ta zo ta tsaya gabanka ba ƙugi ba hayaƙi, sai ɗan ƙarar taya da ƙofa, wallahi ni da na saba da hayaƙin Ƙofar Wambai da yamma sai da na ji kishin garinmu ya kama ni, don mu ma mun cancanci irin iskar nan.

Da daddare direban tasin da ya ɗauko mu ya nemi izini ya biya wajen caji, muka ce ba komai, ni ma dama so nake in gani da idona. Wani fili ne a bayan gini, tasi jere reras kowace da ƙatuwar waya mai kaurin hannun mutum a maƙale. Ya fito ya buɗe murfin, ya jona, ya haska wayarsa a jikin na'urar, nan take lamba ta fara hawa a allo. Direbobi wasu na cin taliya a tsugune, wani ya kwantar da kujera yana barci abinsa. Muka sha shayi, kafin rabin awa batir ya tashi daga wajen kashi 30 zuwa 80, ya zare. Na sa yaron ya tambaye shi me ya sa bai bari ta cika ba, ya ce daga 80 ɗin nan cajin sanyi yake yi, ɓata lokaci ne ga mai neman kuɗi, kuma shi ya fi son cajin tsakar dare don lokacin wuta ta fi araha. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, birki ma yana daɗewa tunda motar da kanta take rage gudu tana mayar da wutar cikin batir.

Washegari na shiga shagon motoci. Akwai wata 'yar ƙarama, BYD Seagull, farashinta yana farawa ƙasa da yuan 70,000, bai kai dala 10,000 ba, sabuwa fil a leda, sitiyari a hagu irin namu. Na zauna ciki na yi lissafi. Ƙaramar mota irin wannan ba ta wuce yunit 15 a kilomita 100, a kuɗin wutar Band A da ya haura naira 200 tun watan Afrilun 2024 abin bai fi dubu uku da 'yan kai ba. Tawa ta gida kuwa tana shan wajen lita 8 a wannan nisan, ga lita ta haura naira dubu a lokacin, tun cire tallafin mai a Mayun 2023 har zuwa lokacin abin sai gaba yake. Kai, bambancin ba na wasa ba ne.

Ina cikin wannan zumuɗin uwargida ta kira, ta ce kwana da kwanaki ba wuta, ba unguwarmu kaɗai ba, kusan Arewa gaba ɗaya, layin da ke kawo wuta ne ya samu matsala, ƙanƙara ta yi tsada, injin niƙa ya tsaya. Sai jikina ya yi sanyi. Da motar nan tana ƙofar gidana a makon nan da me zan caja ta? Janareto? To ai an koma gidan jiya, fetur ɗin da na gudu shi zan saya. Batir ɗin ƙaramar ma yunit 30 ne, solar gidana da ke riƙe fanka da firji ba za ta iya da shi ba, soket ɗin bango kuwa ko da wuta tsaye sai ta kwana ta kusa wuni kafin ta cika.

Ga tafiyar nesa. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, an rubuta wa ƙaramar 305 a takarda, ka kunna AC a zafin Afrilu ka taka ta a babban titi ba za ta ba ka haka ba, kuma ba zan ɗauki iyalina in kama hanyar Kaduna ina zullumin inda zan jona ba. Bakin cajin motocin Sin ma daban yake da na Turai, allon wasu da rubutun Sinanci yake zuwa, sannan in ta yi tari wane bakanike zan kai wa a Ƙofar Ruwa? Wannan ya fi komai damuna.

Amma ban fitar da rai ba, don na san a Maiduguri Mustapha Gajibo ya daɗe yana mayar da ƙananan bas na lantarki, an kuma buɗe wajen caji na sola a Jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato tun 2021. A cikin gari abin yana yiwuwa, kuma yawancinmu zirga-zirgar yini ba ta wuce kilomita 40, wato kamar yunit 6.

Ban saya ba. Kayan wayata na loda na dawo, tsohuwar motata ita ce ta hanyar Abuja har yanzu. Amma ina sauka na kira mai haɗa min sola muka zauna, ya ce fanel huɗu manya za su iya ba da cajin kai yara makaranta da zuwa kasuwa, matsalar dai lokacin da rana take dukan rufin gida ita motar tana kasuwa, don haka ko a ƙara batir a gida ko a kafa fanel ɗin a can. Yanzu maganar da muke da maƙwabtana na shago uku ke nan, mu haɗa kuɗi mu yi rumfar sola a inda muke fakin, in ta tsaya da ƙafarta sai a yi odar ƙaramar guda ɗaya a gwada.