Bayan darduma ya fi fuskarta faɗin gaskiya

Darduma ta farko da na saya da sunan saƙar hannu ba saƙa ba ce ko kusa, kuma sai da ta shekara biyu a tsakar ɗakina sannan na gane hakan. Mai sayarwar ya ce mini da hannu aka yi ta, ni kuwa da na ga taushin ulun da kyawun zanen ban ƙara tambaya ba. Wata rana na ɗaga ta don in share ƙarƙashinta, sai na tarar da wani farin gari kamar alli ya zube a ƙasa, kuma yadin da aka lulluɓe bayanta da shi ya fara ɓallewa daga kusurwa ɗaya. Da na ja yadin na leƙa ciki, babu ƙulli ko ɗaya. Gam ne na roba ya bushe ya tsattsage, shi ne yake ta zuba. Irin wannan kafet da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga ake yin sa, ana cusa zaren ulu cikin yadin da aka riga aka zana, sannan a shafa gam a baya don ya riƙe zaren. Mutumin bai yi mini ƙarya kai tsaye ba, tun da hannu ne ya riƙe na'urar, amma bai faɗa mini cewa ƙarkon dardumar ba zai wuce na gam ɗin ba.

Tun daga lokacin, duk dardumar da aka shimfiɗa mini sai na nemi a kifa ta kafin in dubi fuskarta. A saƙar hannu ta ainihi zanen da ke sama yana fitowa a baya ƙarara, ƙulli bayan ƙulli, kamar an jera ƙananan tsakuwoyi masu launi, kuma idan aka ƙura ido za a ga layukan ba su miƙe sak ba, wani ƙullin ya ɗan fi maƙwabcinsa girma. Gezar da ke kai da ƙafa ma shaida ce. Zaren tsaye ne da aka ɗaura a jikin masaƙa tun farko, wanda ya ratsa dardumar daga wannan bakin zuwa wancan, shi ne ragowarsa ya zama geza bayan an yanke aikin daga katako. Idan aka ga an ɗinka gezar daga baya kamar ado a bakin labule, to akwai abin dubawa.

Yadda ake aikin ba shi da wuyar bayani, wuyarsa tana wajen yi. Masaƙi yana zaune a gaban zaren tsaye da aka ɗaure tamau, ya ɗauki ulu mai launin da zane ya nema, ya ɗaura shi a kan zare biyu, ya yanke da 'yar wuƙa, ya wuce na gaba. Idan layi ya cika sai ya ratsa zaren kwance sau ɗaya ko biyu ko fiye, ya daddanne shi da wani mataji mai nauyi don ƙullin ya matse, daga baya kuma a aske saman da almakashi har zanen ya fito fili. Ƙullin iri biyu ne suka fi shahara. Akwai wanda ake kira na Turkiyya, inda ulun yake zagaye zaren biyu daidai wa daida, akwai kuma wanda ake kira na Farisa, inda yake zagaye ɗaya ya ratsa ƙarƙashin ɗayan, kuma wannan na biyun ya fi ba da damar fitar da zane mai lanƙwasa irin na furanni da rassa. Sunayen dai ba sa bin iyakar ƙasa, domin a Tabriz, wadda take cikin Iran, ƙullin Turkiyya aka saba ɗaurawa. Akwai kuma dabarar masu gaggawa, ta ɗaura ƙulli ɗaya a kan zare huɗu maimakon biyu, wadda take rage aikin da rabi, ta kuma bar dardumar da ƙarancin ulu, shi ya sa take saurin sanƙo. Wata saƙar kuma ba ta da ƙulli sam, wato kilim, inda zaren kwance mai launi shi ne yake fitar da zanen, kuma ita ma saƙar hannu ce cikakkiya, sai dai ba ta da tudun gashi.

Lissafi kaɗan yana nuna abin da ke cikin aikin. Darduma mai faɗin mita 2 da tsawon mita 3, idan tana da ƙulli 16 kacal a kowane murabba'in santimita, ta ƙunshi ƙulli 960,000. Ko da a ce masaƙi yana ɗaura 10,000 a yini ba fashi, sai ya yi kwana 96 a zaune, ban da lokacin askin tumaki da wankin ulu da kaɗi da rini. Ƙulli 16 kuwa ba komai ba ne idan aka kwatanta da aikin magabata. Dardumar Pazyryk, wadda Sergei Rudenko, masanin tonon kayan tarihi ɗan Rasha, ya tono a 1949 daga wani kabari a tsaunukan Altai na Siberiya, tana da ƙulli kusan 36 a murabba'in santimita, alhali an saƙa ta wajen ƙarni na biyar ko na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Ruwa ne ya shiga kabarin ya daskare, ƙanƙarar ta tsare ulun fiye da shekara dubu biyu, har yau ana ganin mahaya dawakai da barewa a gefunanta a gidan tarihi na Hermitage da ke birnin San Fitasbag na Rasha. Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne babu alamar koyo a jikinta, wanda yake nufin sana'ar ta riga ta nuna tun kafin a saƙa dardumar ƙulli mafi tsufa da ta iso gare mu.

Amma ban yarda yawan ƙulli shi kaɗai ne ma'aunin kyau ba, ko da yake masu sayarwa shi suka fi son ambata. Dardumar Beni Ourain ta mutanen tsaunukan Atlas na Maroko, fara mai baƙaƙen layuka, da gabbeh ta makiyayan Ƙashƙai na kudancin Iran, duk manyan ƙulli gare su, kuma a ɗakin da ake zama kullum na fi son su a kan mai laushin zane da ake jin tsoron takawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ulun kansa. Wanda aka aske daga tunkiya mai rai yana riƙe da ɗan maiƙonsa na halitta, yana da sheƙi, idan aka danne shi ya taso. Wanda aka ɓare daga fatar dabbar da aka yanka, ta hanyar jiƙa ta da sinadari, busasshe ne mai karyewa, kuma idan aka goga tafin hannu a kansa da ƙarfi za a ga gashi yana biyo hannun da yawa. Kowace sabuwar dardumar ulu takan zubar da gashi a watannin farko, amma mai kyau tana dainawa.

Rini shi ne inda na fi daɗewa idan ina duba darduma. Marinan zamanin da suna samun ja daga saiwar wani tsiro da Larabawa suke kira fuwwa, shuɗi daga shuni, rawaya daga ɓawon rumman da wasu ganyaye, kuma yawancin launukan sai an fara jiƙa ulun a ruwan alif kafin su kama. Kore ba a samun sa kai tsaye, sai an rina shuɗi da rawaya ɗaya a kan ɗaya. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu kuwa da sinadarin ƙarfe ake kama su, ƙarfen kuma yana cin ulu a hankali, don haka a tsohuwar darduma mutum zai shafa ya ji baƙaƙen layukan sun lotsa ƙasa da jan da ke kusa da su. Tun da marini ba zai iya rina ulun darduma guda a tukunya ɗaya ba, sai a ga shuɗin fili ya ɗan sauya a tsakiya, daidai inda zare ya ƙare aka ɗauko na wani rinin. Masu sana'ar suna kiran wannan abrash. Da farko na ɗauke shi aibi, yanzu kuwa shi nake nema, ko da yake masana'antu ma sun koyi kwaikwayonsa. Rinin sinadari ya shigo ne bayan William Perkin ya gano na farkonsa a 1856, kuma na farko-farkon sun ɓata wa sana'ar suna saboda suna koɗewa, suna kuma zuba idan ruwa ya taɓa su. A 1981 aka fara wani shiri mai suna DOBAG a ƙauyukan yammacin Turkiyya, inda Harald Böhmer, Bajamushe malamin kimiyyar sinadarai, ya taimaka aka dawo da rinin tsirrai. Ba na ƙyamar rinin zamani mai inganci, amma nakan jiƙa farin ƙyalle in goga a kan jan, in ga ko zai ɗauko launi.

Akwai tambayar da bayan darduma ba ya amsawa, wato hannun wa ya ɗaura ƙullin. An daɗe ana tilasta wa yara ƙanana zama a masaƙu a wasu sassan Indiya da Pakistan da Nepal don biyan bashin iyayensu. Wannan ne ya sa Kailash Satyarthi, ɗan Indiya mai yaƙi da bautar da yara, ya kafa alamar Rugmark a 1994, wadda yanzu ake kira GoodWeave, don mai saye ya san an binciki masaƙar. Nakan tambaya a yanzu, ko da mai sayarwa zai ɓata rai.

Wajen kulawa, haske da asu su ne manyan abokan gaba. Dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wadda aka saƙa rubutun shekarar 946 ta Hijira a jikinta tare da sunan Maƙsud na Kashan, minti goma kawai ake kunna mata fitila a kowane rabin sa'a don kada launinta ya koɗe. Tawa ta yanzu, mai saƙar hannu, ba ta kai wannan daraja ba, amma ina juya ta kai zuwa ƙafa sau ɗaya a shekara, don gefen da ke kusa da taga kada ya sha rana shi kaɗai. Asu kuwa ya fi son inda ba a takawa, kamar ƙarƙashin kujera da gado, inda duhu yake, saboda haka can nake fara dubawa. Idan abu ya zube ina danna shi da busasshen ƙyalle ba tare da gogawa ba, sannan in bi da ruwan sanyi kaɗan, in sa wani abu a ƙarƙashin wurin ya ɗaga har iska ta busar da bayan. A bara na ga gefenta ɗaya ya fara warwarewa inda ƙofa take gugarsa, na ba mai gyara ya naɗe shi da sabon ulu, kuma da na kifa ta bayan ya gama sai da na ƙirga layi goma sha biyu kafin in gane inda zarensa ya haɗu da na masaƙin farko.