Tayar wutsiya da sifirin ɗin da ya kusa kashe mu

Aikinmu a nan Sakkwato shi ne gyara da kula da ƙananan jiragen feshi, irin waɗanda ke bin tsuntsayen jan baki zuwa makwancinsu da almuru idan shinkafar Wurno da Goronyo ta fara nuna. Yawancinsu tsofaffi ne, Cessna 188 da Piper Pawnee, waɗanda aka daina ƙerawa a Amurka tun farkon shekarun 1980. Manyan tayoyi biyu a gaba, 'yar ƙarama guda a ƙarƙashin wutsiya. Wannan 'yar ƙaramar ce abincina.

Ranar da na fara koyon aiki, maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ba ni sifana ba. Keke Napep ya aro, ya ce in tuƙa shi da baya, da gudu. Ban yi taku ashirin ba ya wulwula da ni. Ya ce, "To yaro, ka ga jirginmu ke nan." Nauyin jirgin yana bayan manyan tayoyi, don haka da hanci ya ɗan karkace a wajen sauka, sai wutsiya ta nemi wuce kai, kuma karkacewar ƙaruwa take yi da kanta. Dole matuƙi ya ja sandar tuƙi ya riƙe ta a cikinsa don tayar baya ta kama ƙasa, ƙafafunsa kuma kada su huta a kan feda har jirgin ya tsaya cik. Iskar hunturu in ta bugo ta gefe, aikin ya ninka.

Amma ƙafar matuƙi ba ta da amfani in abin da take ja ruɓaɓɓe ne. Daga feda waya ce ke zuwa wutsiya, sai sarƙa da sifirin biyu su juya tayar. Wata shekara wani dillali ya kawo mana sifirin, ya rantse sababbi ne, takardar shaida na tafe. Muna cikin matsi, manoma na kuka, na ɗaura. Laifina ke nan, ban taɓa ɓoye shi ba. Kwana huɗu bayan haka jirgin ya dawo daga feshi gab da magariba, ya sauka lafiya lau a filin ƙasa, sai sifirin na dama ya tsinke. Ina tsaye ina kallo hanci ya zarce hagu, ƙura ta turnuƙe, fiffiken dama ya kartsi ƙasa, jirgin ya tsaya yana kallon inda ya fito. Matuƙin ya sauko yana salati, gwiwoyinsa na rawa. Da na duba bakin karayar, tsatsa ce a ciki, fenti a waje. Gwanjo ne aka wanke. Takardar kuwa har yau tana tafe.

Tun daga nan kaya marar takardar shaida ba ya shiga garejina. Kowace tayar wutsiya sai mun ɗaga ta, mun kwance, mun wanke boris, mun sa giris, mun daidaita sarƙoƙin biyu kada ɗaya ta fi ɗaya sako-sako. Birkin hagu da na dama sai sun kama daidai, iskar tayoyi ma haka. Duk da wannan, wani Alhajin zai ce, "Malam, ɗan ƙarfen nan ne da wannan kuɗi? Akwai mai yi mini a rabi." Nakan ce, ranka ya daɗe, akwai shi kam, na ma san shagonsa.

Shawarata, mai jirgi ya kawo shi gyara tun da bazara. Da tsuntsu ya sauko, ba mu da wurin ajiye ko keke.