Ashe zamanin Rumfa ba tattasai a miya

Watan da ya wuce na tsaya wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, irin masu shimfiɗa buhu a ƙasa ɗin nan su dandanne da dutse kar iska ta kwashe. Wallahi ba da niyyar sayen komai na tsaya ba, mai gyaran waya nake jira ya gama canza min sikirin. A nan idona ya faɗa kan wani ɗan siririn littafin tarihin duniya na Turanci, bangon ya yage, wani ɗalibi ya cika gefen shafukan da jan biro. Kauri bai kai yatsa biyu ba amma wai daga farkon noma har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Na ce wannan ai ƙarya ce, ta ina duniya za ta shiga nan. Na dai saya don kuɗin bai kai na faranti ɗaya na shinkafa da wake ba.

Cikin dare huɗu na cinye shi, biyu daga ciki ma da fitilar waya saboda an ɗauke wuta.

Ni dai yadda aka koya mana tarihi a makaranta kowane abu ɗakinsa daban. Yau Bayajidda da rijiyar Kusugu, gobe Daular Mali, jibi juyin juya halin Faransa, ka haddace shekara ka zuba a jarrabawa ka manta, ba wanda ya taɓa ce mana ai wannan da wancan a lokaci ɗaya suka faru. Manyan littattafan kuma da suke da bayanin, kai ka san halinmu, za ka saya da zumuɗi ka karanta shafi 40 ka ajiye a kan wardirof sai ƙura. Amfanin ɗan ƙaramin shi ne kafin ka manta farkonsa ka iso ƙarshensa, sai abin ya zauna maka a kai kamar hanya ɗaya doguwa, ka san me ke gaba me ke baya.

Bari in ba da misalin da ya fi tsaya min a rai. Shekarar 1492. A watan Janairu Garnaɗa ta faɗi, ƙarshen mulkin Musulmi a Andalus ke nan, a wannan shekarar dai Kolumbus ya tashi daga Sifaniya da jirage uku ya je ya ci karo da nahiyar Amurka. Littafin ya ba wannan shafi biyu ya wuce. Ni kuwa sai na ajiye shi na fara lissafi, to a lokacin wa ke sarauta a Kano? Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, mai Gidan Rumfa, mai kasuwar Kurmi, wanda Shehu Maghili ya zo wajensa har ya rubuta masa yadda ake riƙe mulki. Shekara ɗaya bayan nan, 1493, Askiya Muhammadu ya karɓi Songhai. Duk waɗannan na san su tun tuni, amma a kaina Kolumbus yana wata duniya Rumfa yana wata, ban taɓa tunanin a ƙarƙashin rana ɗaya suka yi zufa ba.

Daga nan ne abin ya koma kicin. Littafin ya yi ɗan sakin layi a kan abubuwan da suka tsallako teku bayan tafiyar Kolumbus: masara, rogo, gyaɗa, tumatir, dankali, barkono da danginsa. Duk daga Amurka. Na sake karantawa sau biyu. Wato Rumfa da duk ƙasaitarsa bai taɓa ganin tattasai ko attaruhu ba, bai ci gasasshiyar masara ba, bai san ƙuli-ƙuli ba. Gyaɗar da muka yi dala da ita a Kano har ta zama abin alfaharinmu baƙuwa ce, 'yar gida ita ce gurjiya. Miyarsu ta kuka ce da kuɓewa da yakuwa da daddawa, yaji kuma irin su masoro da kimba, tuwo na dawa da gero. Tun ranar in an ajiye min miyar dage-dage sai na tsaya ina kallonta kamar baƙon da ya daɗe a gida har aka manta daga ina ya zo.

Haka 1804. Shehu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairu, aka gwabza a Tabkin Kwatto da damina. A Janairun shekarar bayi baƙar fata sun kafa ƙasarsu a Haiti bayan sun kori Faransa, a Disamba kuma Napoliyon ya ɗora wa kansa kambin sarauta a Faris. Ban ce wani ya jawo wani ba fa, kar a je a ce na ce. Kawai dai in ka jera su sai ka ga zamani ne da tsofaffin sarautu ke girgiza ta ko'ina, kowa da nasa dalilin.

Amma gaskiya littafin ya ba ni haushi ta wani wajen. Afirka kudu da Sahara gaba ɗaya ba ta samu shafi goma ba. Hajjin Mansa Musa a 1324 da zinarensa, cinikin bayi, taron Balin na 1884, shi ke nan an sallame mu. Ba Kano, ba Katsina, ba Agadas, Barno ma da Saifawa suka riƙe ɗaruruwan shekaru har 1846 ko a layi ɗaya ba ta fito ba, alhali wani sarkin Ingila da matansa shida ya samu shafi guda cur. Duk mai taƙaitawa dole ya zubar da wani abu, kuma abin da yake nesa da ƙofar gidansu shi yake fara zubarwa. Shi ya sa na ɗauki biro nawa shuɗi na bi bayan mai jan biron nan, duk inda na ga shekara sai in rubuta namu a gefe. Kusa da 1903 inda aka ce 'yan'uwan Wright sun tashi jirgin sama na farko, na rubuta: Turawa sun ci Kano, Fabrairu. Kusa da 1914 na sa haɗe Arewa da Kudu.

Ranar Juma'a na je gaida Hajiya na tarar tana gyara kayan miya a tire, na ce mata Hajiya kin san tattasan nan asalinsa ba namu ba ne, daga Amurka ya zo. Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, daga Kaɗawa dai, ɗazun nan aka kawo min shi, in ka gama boko miƙo min wuƙar can.